Ƙanƙara a Maƙogwaron Jirgi

Tun da na dawo daga Dubai ban ci tuwo da zafinsa ba. Ina zubawa sai sallama, wata ta zo sannu da zuwa, kuma kafin ta gama zama ta jefo tambayar: wai da gaske ne na hau jirgin da bai fi A Daidaita Sahu biyu ba? Matan ajinmu na Islamiyya sun ji labarin sau uku, kowace ta kai shi gida da nata gishirin, har shekaranjiya na ji an ce wai ni na karɓi tuƙin. To ga shi na rubuta. Wadda ta ƙara tambaya in miƙa mata ta karanta, ni kuma in ci abincina.

Ga wadda ba ta san ni ba, sana'ata ƙanƙara. Shekara ashirin da ɗoriya ina ɗaura ruwa a leda, in jera a firiza, masu lemo da masu kifi su zo da buhunansu. Abokin aikina janareta ne, tsoho mai taurin kai, wanda na san muryarsa fiye da ta wasu dangina. Ina daga ɗaki zan ce wa yara a je a duba shi, kafireto ya toshe, kuma in an buɗe haka za a tarar.

Ɗana na fari ne a Dubai. Ba zan rubuta sunansa ba, kun san dalili. A hannun kakarsa ya tashi, ban taɓa kiran sunan da bakina ba, ba kuwa a takarda zan fara ba. Baban Hanifa nake ce masa. Aikinsa koya wa mutane tuƙin ƙananan jirage, kuma ni dai tun farko aikin bai kwanta mini ba, shiru kawai na yi. Sai wata baiwar Allah ta turo mini bidiyo a waya, wani ɗan jirgi irin nasa ya faɗo a gonar mutane a wata ƙasa. Kwana uku ina ganin hoton ko na rufe ido. Baffansa Alhaji Sabo yana harkar kago, wato jigilar kaya, a Jebel Ali, can Dubai ɗin, ya daɗe yana neman wanda zai riƙe masa ofis. Na aika wa Rukayya, matar Baban Hanifa, saƙo, na ce ta gaya wa mijinta ya ajiye jirgi ya je wurin baffansa.

Da yamma ya kira ni. Yaron nan tun da yake bai taɓa yi mini musu ba, ko a kan gishirin miya.

"Hajiya, na ji saƙo," ya ce. "Alfarma ɗaya nake nema. Ki zo ki hau sau ɗaya, ni da ke. In muka sauka kika ce in bari, wallahi ranar zan bari."

Na ce to. A raina na riga na yanke hukunci, na ɗauka zuwa kawai zan yi in cika sharaɗi, in ga jikata, in dawo da shi ƙasa.

A babban jirgin da ya ɗebe mu Allah ya haɗa ni da wata Hajiya Talatu, 'yar kasuwar Kwari, wadda ke zuwa Dubai kamar yadda nake zuwa Rimi. Tun kafin mu tashi ta cire takalmi, ta ɗaure kai, ta fara ba ni karatu.

"Kalma uku za ki riƙe, Hajiya, sun ishe ki. Yalla, wato yi sauri. Shwaiya shwaiya, wato a hankali. Khalas, an gama magana. Sauran duk da hannu ake yi."

Na ce ai Larabcin Islamiyya ma ina da ɗan nawa. Ta ce in na yi musu shi za su ɗauka huɗuba na zo yi.

A wurin duba fasfo wani saurayi cikin farar jallabiya, wadda ko ƙuda bai taɓa sauka a kanta ba, ya nuna mini wata na'ura ya ce in kalla. Na kalla na yi murmushi, don ni a sanina hoto ake ɗauka. Ya girgiza kai. Na gyara ɗaurin hijabi na sake murmusawa. Sai da Hajiya Talatu ta leƙo daga layin gefe ta ce, "Ido suke so, ba haƙori ba. Zaro shi." Na zaro ido kamar an ce mini firiza ta ƙone, nan take ƙofa ta buɗe.

Masu duba kaya kuma jakar tsaraba ta tsone musu ido. Kuka da kuɓewa busasshiya da yaji duk suka wuce lafiya. Da jami'in ya kwance ledar daddawa sai ya ja da baya taku biyu, ya kira abokin aikinsa, shi ma ya sunsuna ya kira na uku. Na yi ta nuna baki ina cewa miya. Hajiya Talatu ta ce musu, "Sup, habibi, sup." Na farkon ya ɗaure ledar da kansa, ya ƙara mata wata ledar daga aljihun teburinsa, ya ce khalas. Kalma ɗaya ta yi aiki tun ban fita daga filin jirgi ba.

Gidansu a Al Khabaisi yake, hawa na huɗu, ɗaki biyu da falo. Ba tsakar gida, ba zaure, shanya ma a wani ɗan lungu ake yi a bayan taga. An ce mini ƙasar zafi ce, na zo da atamfofi marasa nauyi, sai na tarar lokacin sanyinsu ne, ga kuma na'urar sanyaya ɗaki da ba a kashewa. Kwana na farko da rigar sanyin Rukayya na yi sallar asuba. Na buɗe firizarsu don in ga yadda ta ƙasar waje take, na tarar ba ta fi akwatin ɗan firamare ba. Amma gaskiya ɗaya, tana kamawa. Wutarsu ba ta ƙiftawa, har na riƙa jin kewar ihun yara in an kawo ta.

Washegari na ƙulla dambun nama a ƙananan robobi na ce zan shiga gaida maƙwabta. Rukayya ta ce, "Mama, nan fa ba a yi. Shekararmu uku, ban san sunan na kusa da mu ba." Na ce shi ya sa. Ƙofa ta farko wani Bature ya buɗe, ya ce bai yi oda ba. Ta biyu ba a buɗe ba, ko da yake ina jin talabijin. Ta uku wata Ba'indiya ce mai furfura, ta karɓa da hannu biyu, ta ɗanɗana a tsaye. Bayan la'asar sai ga ta da robar cike da wani kifi ja wur. Na ci loma ɗaya hawaye ya zubo mini. Na ce wa Rukayya wannan matar a riƙe ta, duk wanda ya san yaji haka ɗan gida ne.

Abincinsu shinkafa ce, safe da rana da dare, a zube nama a kai ba miya. Ba laifi, amma a kwana na uku na karɓe kicin ɗin na kaɗa miyar kuka. Baban Hanifa ya ci malmala uku bai ɗago kai ba. Ni ma ban kalle shi ba, ta gefen ido na ƙirga.

Maganar da ta kawo ni kuwa ba wanda ya taɓa ta. Ya kai ni kasuwar zinariya, ya kai ni na hau jirgin ƙasan da ba direba, wanda na yi ta addu'a a cikinsa har muka sauka. Alhaji Sabo ya zo gaishe ni, ya ce tebur da kujera suna nan suna jira. Baban Hanifa ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin mota. Sai ana jibi zan koma gida ya aiko Rukayya ta ce mini gobe da safe ne.

A nan zan faɗi laifina. Hajiya Talatu ta ce mini ƙananan jirage suna tayar da zuciya, maganin abin kuma a tsotsi abu mai sanyi da tsami. Don haka na dafa zoɓo, na zuba a gora biyu, na sa a 'yar firizar nan suka daskare kamar dutse. Baban Hanifa kuma ya riga ya ce kada a ɗauki komai, ko jakar hannu, don jirgin komai da awo yake. Na ce a raina gora biyu ai ba kaya ba ne. Na sa su a 'yar jakar rataye, na saki hijabi a kai.

Mun fita bayan asuba. Raɓa ta jiƙa motoci sharkaf kamar an yi yayyafi, iskar kuma da danshi, tana manne wa fuska. Filin yana bayan gari, tafiyar kusan awa ɗaya. Wani dattijon Balarabe mai kula da wurin ya tarbe mu da dabino da gahawa a wani ɗan kofi da bai fi murfin kwalba ba. Na shanye na miƙa, ya ƙara. Na shanye na miƙa, ya ƙara. A gida in ka mayar da kwano an gane ka ƙoshi. Ina kofi na shida, zuciyata har ta fara gudu, Baban Hanifa ya matso ya ce a hankali, "Hajiya, girgiza kofin za ki yi." Na girgiza, dattijon ya yi dariya ya ajiye butar.

Daga nan aka kawo sikeli, irin na masu auna buhu, aka ce in hau. Ni da ko a asibiti sai an fita da maza. Na hau ina kallon rufi, gorunan suna sanyaya mini haƙarƙari. Baban Hanifa ya duba, ya rubuta, bai ce komai ba. Tarbiyyar kakarsa ta yi rana.

Jirgin fari ne, kujera biyu a gaba, farfela ɗaya a hanci. Ya zagaya shi yana taɓa nan, yana leƙa can, ya tsiyayi mai a 'yar kwalba ya ɗaga ta sama yana dubawa. Ya ɗaura mini bel, ya sa mini wani abin kunne mai makirufo. A cikinsa muryarsa ta dawo tsakiyar kaina. Shekara talatin da wani abu ban taɓa zama kafaɗa da kafaɗa da yaron nan ba, yau ga shi ba wurin matsawa.

Tashin ban gan shi ba, idona a rufe yake, bakina yana kan Ayatul Kursiyyu. Da na buɗe sai ga rairayi ja a ƙasa, titi ya miƙe kamar zare, gajimare kuma a saman kanmu kaɗan. Ya ce duwatsun da ke gaba na wajen Hatta ne, inda mutanen gari ke zuwa hutun ƙarshen mako, akwai gonaki da dam. Na ce uhm. Ban so ya ga abin ya burge ni ba.

Ni fa kunnena ba ya hutu. Tun da muka tashi nake sauraren injin, don muryarsa kusan ɗaya da ta tsohon janaretana in yana cikin daɗin rai. Muna dosar duwatsun na ji muryar ta sauka kaɗan, kamar mai magana da mura ta fara kamawa. Na jira. Ta ƙara sauka, da 'yar gargada a ciki.

"Kai," na ce, "injin nan naka numfashinsa ya ragu."

Idonsa yana kan wani agogo a gabansa. "Kunnenki ya yi daidai da allurata, Hajiya. Ƙanƙara ce."

Na ce shi ke nan, na kashe mu. An ce kada a ɗauko komai, na ɗauko, ga shi har injin ya ji. Na ɗaga hijabi na zaro gorunan.

"Guda biyu ne kawai. Zoɓo ne. Buɗe tagar in jefar."

Ya waiwayo ya ga gorunan. Na ga dariya ta taso masa har wuya, ya haɗiye ta.

"Ba taki ba ce, Hajiya. Tamu ce, tana cikin kafireto. Riƙe zoɓonki."

Ya miƙa hannu ya jawo wani ɗan maɓalli, irin cok ɗin janareta, har ƙarshe. Abin da ya biyo baya shi ne ban shirya masa ba. Injin da ke gargada kaɗan sai ya kama tari sosai, jirgin ya ɗauki karkarwa, muryar ta faɗi ƙasa fiye da da. Duwatsun nan da nake yi wa kallon raini suka zama masu haƙora. Ni kuma abin da na sani a duniya shi ne, in ka taɓa abu inji ya ƙara lalacewa, to ka mayar da shi inda ka same shi.

"Mayar da shi," na ce.

Bai motsa ba.

"Ka mayar da abin nan yadda yake. Ni ce na ce ka mayar."

"A'a, Hajiya."

Ban taɓa jin kalmar nan daga bakinsa ba. Har cikin tsoron sai da ta yi mini zafi. Na kai hannu zan tura maɓallin da kaina, ya tare shi da tafin hannunsa, bai ture ni ba, bai kuma janye ba.

"A nan ba zan bi maganarki ba. Iska mai zafi na sakar masa, ƙanƙarar ce take narkewa, injin yana shan ruwanta, shi ya sa yake tari. In na mayar yanzu za ta sake kamawa, ta toshe gaba ɗaya. Ki yi salati goma, a hankali."

Muryarsa ko rawa babu, kamar yana karanta wa ɗalibi allo. Ya karkata hancin jirgin daga duwatsun zuwa inda ƙasa take shimfiɗe, yana leƙen wani miƙaƙƙen fili ta tagarsa. Na gane ko me yake nema, ban tambaya ba. Na fara salati. Na ɗaya, na biyu, injin yana shaƙewa yana dawowa. A na biyar ya yi wata irin tuma da na ce ta ƙare. A na bakwai tarin ya fara tsinkewa. Ban kai na goma ba muryar ta washe, ta hau, ta zauna daram, har ta fi yadda muka taso.

Ya yi magana da mutanen ƙasa da Turanci, ya juya mu zuwa gida, maɓallin yana nan a jawe. Sai da numfashina ya dawo na ce, "Yanzu a garin nan, ga rana ta fito, ina ƙanƙara ta samu hanya?"

"Kin san in fetur ya zuba a hannu yadda wurin ke yin sanyi?"

Na ce na sani.

"To haka yake yi a maƙogwaron kafireto, ga iska tana wucewa da gudu ta matsattsen wuri. Sai wurin ya yi sanyin firiza, ko da waje ana gumi. In iskar tana da danshi irin na yau, danshin ya daskare a bango, hanya ta riƙa tsukewa. Ba sai ƙasar sanyi ba. Shi ne abin da nake fara koya wa ɗalibai, kuma kusan kowa hannunsa yana ƙaiƙayin ya mayar da maɓallin, kamar yadda kika ce."

Na ce ikon Allah. Ni shekara ashirin ina roƙon a kawo wuta ruwa ya daskare, ku kuma ana ba ku kyauta kuna korar ta. Wannan karon bai iya riƙe dariyar ba, ta cika mini kunne. Na buɗe gora ɗaya, ta fara narkewa, na kurɓa na miƙa masa ba tare da na kalle shi ba. Ya sha ya ce sukari ya yi kaɗan. Na ce a sama ma sai an yi sharhi.

Saukar lafiya lau, ko girgiza ban ji ba. Ya kashe inji, ya zagayo ya kwance mini bel, ya riƙe ƙofa na sauko. Na dafa ƙarfen fiffike na tsaya. Dattijon gahawa yana ɗago mana hannu daga nesa, bai san komai ba.

Ina tsaye sai na ga Baban Hanifa ya durƙusa a kan kwalta, a ƙarƙashin fiffiken, da kayan aikinsa da komai.

"Hajiya, ki yafe mini. Na yi miki musu, na kuma tare hannunki."

Ya ɗan ɗago kai, ya ci gaba.

"Alkawari kuma yana nan. Kin hau, kin ga mafi munin abin da kike tsoro. In kika ce in bari, yau zan kira Baffa."

Na dube shi sosai, ido da ido, abin da rabona da yi tun yana cikin zani. Hannun nan da ya tare nawa a sama ko motsi bai yi ba, yanzu yana kan gwiwarsa yana rawa kamar mazari. Sai a lokacin na gane ashe ya ji tsoro, kuma ba don kansa ba. Tausayinsa ya kama ni, da wani alfahari da ban san inda zan ajiye shi ba, da kunyar kaina. Na zo tun daga Kano da umarni a bakina, kuma na ga inda umarnina zai kai mu da an bi shi. Tsoron bai bar ni ba, har yau da nake rubutun nan bai bar ni ba. Amma na san yanzu tsoro ne, ba sani ba.

"A sama na ce ka mayar, ka ƙi," na ce. "Shi ya sa nake tsaye a nan. Wannan musun na yafe shi duniya da lahira."

Ya sunkuyar da kai yana jiran sauran.

"Ka kira baffanka. Ka ce ya nemi wani ya ba shi kujerar."

Ya daɗe bai tashi ba, kafaɗunsa suna motsi. Ni kuma na juya masa baya, na kama gyaran hijabin da ba abin da ya same shi.